Tekun Dukamaje Da Masana'antun Kano

Duk ɗalibin sakandaren da ya zauna jarrabawar bayoloji ko ta jogarafi a Kano ya taɓa cin karo da babin burbushin halittu, wato ragowar dabbobi da tsirran da suka rayu tun zamani mai nisa, laka ta binne su, ƙasusuwansu ko kwansonsu suka rikiɗe suka zama dutse. Akasarin hotunan da ke cikin wannan babi daga Amurka da Turai aka ɗauko su. Ga Tyrannosaurus na Amurka ya buɗe baki, ga Archaeopteryx na Jamus mai fikafikan tsuntsu da haƙoran ƙadangare. Sai yaro ya haddace sunayen, ya rubuta, ya ci jarrabawa, ya fita da tunanin cewa irin waɗannan abubuwa a ƙasashen Turawa kaɗai ake samunsu, tamkar dusar ƙanƙara. Wannan tunani kuskure ne, kuma gyaransa ba ya bukatar a sayo ko tsinke daga waje. A arewa maso gabashin birnin Sakkwato, wajen Wurno da Goronyo, akwai wata shimfiɗar duwatsu da masana suka raɗa wa sunan ƙauyen Dukamaje, wadda ta adana ƙasusuwan dabbobin da suka yi zamani da dainoso na ƙarshe. Abin da ya kamata shi ne a kawo samfurin waɗannan duwatsu Kano, a ajiye inda kowane ɗalibi zai gani ya taɓa, kuma masu masana'antun Sharaɗa da Chalawa da Bompai su ne suka fi cancanta su ɗauki nauyin aikin.

Mai karatu na iya tambaya, me zai hana a tona a Kano ɗin a samo nata? Amsar tana ƙarƙashin ƙafarsa. Duwatsu iri uku ne. Akwai wanda ya narke a cikin ƙasa sannan ya huce ya daskare, irin su giranit. Akwai wanda zafi da danniya suka sauya masa kama. Akwai kuma dutsen shimfiɗa, wanda ruwa ko iska suka tara yashi da laka da kwanson halittu, hawa bisa hawa, har suka manne suka yi tauri. Kusan dukkan burbushin halittu a cikin na ukun ake samunsa, domin babu ƙashin da zai shiga narkakken dutse ya fito da siffarsa. To, birnin Kano da kewayensa a kan iri biyun farko suke zaune. Idan aka haƙa rijiyar burtsatse a Sharaɗa ko a Bompai, za a wuce ƙasa da marmara da ruɓaɓɓen dutse, sannan bakin injin ya ci karo da tsohon dutse mai tauri wanda yawancinsa ya kai shekara miliyan 600 ko fiye. Wannan dutse ya riga dainoso zuwa duniya da ɗaruruwan miliyoyin shekaru. Dala da Goron Dutse kuwa, marmara ce mai tama ta lulluɓe kansu, kuma wannan tamar ce ta jawo maƙera suka zauna a gindin Dala tun wajen ƙarni na 7. A jihar Kano akwai dutsen da ya yi zamani da dainoso, wato duwatsun Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa, inda aka daɗe ana haƙar kuza. A zamanin Jurasik suka samu, sai dai su ma daga narkakken dutse suka fito, saboda haka ko haƙori ɗaya ba za a tsinta a cikinsu ba. Duk malamin da ya tura ɗalibansa neman burbushi a bakin kogin Chalawa ya ɓata musu yini a banza.

Ƙasar Sakkwato dabam take. A ƙarshen zamanin da ake kira Kiritashiyas, tsakanin shekara miliyan 72 zuwa miliyan 66 da suka wuce, ruwan teku ya yi sama ƙwarai a duniya, har wani reshensa ya kwararo daga arewa, ya ratso inda Hamadar Sahara take a yau, ya bi ta Mali da Nijar, ya iso ƙasar Sakkwato. Teku ne mai ɗumi, marar zurfi sosai, mai gaɓa cike da laka da fadamu. Kafin isowarsa, koguna sun riga sun zuba yashi da laka waɗanda yanzu ake kira Shimfiɗar Taloka. Da ya iso, sai laka mai laushi ta riƙa kwantawa a ƙasansa a hankali, tare da gawar duk abin da ya mutu a cikin ruwan. Wannan lakar ce ta zama Shimfiɗar Dukamaje. Da ruwan ya ja baya, yashi ya sake rufewa, aka sami Shimfiɗar Wurno. Wanda ya tsaya a gindin ɗaya daga cikin tuddan yankin ya ɗaga kai, zai ga labarin a jere: yashi a ƙasa, laka mai ɓarewa kamar shafukan littafi a tsakiya, yashi kuma a sama. Ƙa'idar karatun mai sauƙi ce, ko ɗan aji ɗaya zai gane ta. Abin da ke ƙasa shi ya fara kwantawa, abin da ke sama shi ya zo daga baya, kamar yadda magini ba ya ɗora tubali na biyar kafin na huɗu.

A cikin lakar Dukamaje akwai farin dutse mai ƙyalli da ake kira jifsam, wanda ke samuwa inda ruwan gishiri ya ƙafe ko inda wasu sinadaran laka suka haɗu da farar ƙasa. Akwai kuma wani siririn hawa wanda ƙasusuwa suka yi yawa a cikinsa har masana suka kira shi gadon ƙashi. A nan ake tsintar haƙoran kifin shak, da ƙashin bayan kifaye, da ɓallin ƙoƙon kififfiya, da ƙasusuwan kada. Ana kuma samun kwanson wata dabbar teku mai suna amonait, wadda ta naɗe kamar ƙahon rago. Amonait tana da daraja ta musamman wurin masana, domin jinsunanta sun riƙa sauyawa da sauri kuma sun bazu a tekunan duniya, saboda haka idan aka ga jinsi kaza a Sakkwato aka kuma gan shi a Masar ko Libiya, an san duwatsun biyu sa'annin juna ne. Jinsin Libycoceras da ke cikin Dukamaje yana daga cikin shaidun da suka sa aka tabbatar da shekarun shimfiɗar. Adadin shekarun kuwa ana samo shi ne daga wuraren da irin wannan kwanso ya kwanta kusa da tokar dutse mai aman wuta, wadda ake iya auna shekarunta ta hanyar sinadaran da ke rikiɗewa a kan ƙayyadadden lokaci.

Sarkin wannan ruwa shi ne wata dabba daga dangin da ake kira mosaso. Ya kamata malamai su kula da wannan batu, domin littattafai da finafinai sun rikita shi: mosaso ba dainoso ba ne. Ƙadangaren teku ne, ɗan uwan damo da guza da maciji, wanda ƙafafunsa suka zama kamar filafilin kwalekwale, yana shaƙar iska amma rayuwarsa duk a cikin ruwa take. A 1930 wani masani na gidan adana kayan tarihi na Landan, W. E. Swinton, ya yi rubutu a kan wasu ƙasusuwa da aka kai masa daga lardin Sakkwato, ya sa musu suna Mosasaurus nigeriensis. Bayan kimanin shekara 40 wata tawagar masana daga Italiya ta zo yankin Goronyo ta tono ƙarin ƙasusuwa, har da ƙoƙon kai. Da suka duba sai suka ga dabbar ta bambanta da duk wani mosaso da aka sani, saboda haka a 1972 Augusto Azzaroli da abokan aikinsa suka ba ta sabon suna, Goronyosaurus, wato ƙadangaren Goronyo. Bakinta dogo ne siriri kamar na kada, haƙoranta miƙaƙƙu ne masu shiga tsakanin juna idan ta rufe baki, idanunta kuma ƙanana. Daga waɗannan siffofi masana suka fahimci cewa mai yiwuwa a cikin ruwa mai duhun laka take farauta, inda ido ba ya amfani sosai, ta dogara da wari da jin motsin ruwa. A nan akwai cikakken darasin bayoloji a kan yadda siffar gaɓa ke dacewa da aikinta, kuma misalin daga Goronyo ya fito, garin da ɗalibi ya sha jin sunan madatsar ruwansa a rediyo.

Ba ita kaɗai ba ce. A 1975 L. B. Halstead ya bayyana wani kada mai dogon baki daga duwatsun nan, ya kira shi Sokotosuchus. Shimfiɗar ba ta san iyakar da Turawan mulkin mallaka suka shata ba, ta zarce cikin Nijar, inda aka sami wani mosaso mai suna Igdamanosaurus, mai haƙora dunƙulallu na fasa kwanso. A can akwai ma wata shimfiɗa sa'arta da ake kira Farin Dutse, sunan Hausa tsantsa a cikin littattafan kimiyya na duniya. Dainoso na gaskiya, da yake dabbobin tudu ne, ba a samun su a lakar teku sai gutsattsarin da kogi ya kwaso.

Wanda ke son ganin dainoso sosai sai ya ƙara gaba zuwa arewa, ya bi tsohuwar hanyar ayari ta Kano zuwa Agadas. A kudu maso gabashin Agadas, cikin rairayin Tenere, akwai wuri mai suna Gadufawa, inda duwatsun suka kai kimanin shekara miliyan 110 kuma koguna ne suka shimfiɗa su. A can Philippe Taquet na Faransa ya tono Ouranosaurus, mai cin ganye mai dogayen ƙasusuwa a gadon baya, wanda ya sa wa suna a 1976. A can ne kuma aka sami Sarcosuchus, kadan da ƙoƙon kansa kaɗai ya haura mita ɗaya da rabi. Daga baya tawagar Paul Sereno ta Jami'ar Chicago ta bayyana Suchomimus a 1998 da Nigersaurus a 1999, wannan na biyun mai faffaɗan baki da haƙora sama da 500. Abin lura a nan shi ne, ɗan makarantar Yamai yana iya shiga gidan tarihi na Boubou Hama ya tsaya gaban ƙwarangwal ɗin dainoso na ƙasarsa. Ɗan makarantar Kano ba shi da irin wannan dama, alhali Kano ta fi Yamai yawan jama'a da yawan makarantu da yawan attajirai nesa ba kusa ba.

Babban dalilin da ya sa Dukamaje ta cancanci zama darasi shi ne abin da ke samanta. Shekara miliyan 66 da suka wuce, wani dutse daga sararin samaniya mai faɗin kimanin kilomita 10 ya faɗo a yankin Yukatan na ƙasar Meziko. A daidai wannan zamani kuma duwatsu masu aman wuta suna ta malala a Indiya. Ƙura da hayaƙi suka tare hasken rana, tsirrai suka mutu, abinci ya yanke, kimanin kashi uku cikin huɗu na jinsunan halittu suka ƙare. Luis Alvarez da ɗansa Walter ne suka kawo wannan bayani na faɗowar dutse a 1980, aka kuma tabbatar da ramin a farkon shekarun 1990. To, a Sakkwato teku ya sake dawowa bayan wannan bala'i, ya shimfiɗa lakar Dange, sannan ya shimfiɗa farin dutsen Kalambaina. Wanda ya bincika Dange da Kalambaina zai sami kada da kififfiya da kifin shak da katantanwa iri-iri, amma ba zai sami mosaso ba, ba zai sami amonait ba. Sun tafi ke nan har abada. Cikin tafiyar yini guda a jiha ɗaya, ɗalibi yana iya riƙe dutsen kafin halaka a hannun dama, da dutsen bayan halaka a hannun hagu, ya tambayi kansa abin da ya sa kada ya tsira mosaso ya ƙare. Irin wannan tambaya ita ce mafarin ilimin kimiyya, kuma haddar suna ba ta haifar da ita.

Wasu malamai suna ratsa wannan babi da sauri don gudun kada a ce sun shigo da baƙon tunani. Da sun san tarihin fannin da hankalinsu ya kwanta. Ibn Sina, a cikin littafinsa Al-Shifa, ya yi bayanin yadda laka ke zama dutse, da yadda dabbobi da tsirrai ke rikiɗewa su daskare a cikinsa, da yadda duwatsu ke jeruwa hawa-hawa. Al-Biruni kuma ya duba tsakuwa da ƙasar kwarin Indiya ya ce dā can teku ne wanda koguna suka cike. Wannan kimanin shekara dubu ke nan, tun kafin a kafa fannin a jami'o'in Turai.

Yanzu sai batun masu masana'antu. Me ya haɗa mai kamfanin jima a Chalawa ko mai kamfanin roba a Sharaɗa da ƙashin wata dabba da ta mutu a Goronyo? Abin da ya haɗa su yana da yawa, domin ko da yake Kano ba ta zaune a kan dutsen shimfiɗa, a kansa arzikinta na zamani ya ginu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma jiragen da suka yi shekaru suna kwashe dalar gyaɗa zuwa Ikko da kwal ɗin Inugu suka yi tafiya, wanda aka fara haƙa a wajen 1915. Wannan kwal sa'an Dukamaje ne, fadamun dazuzzukan ƙarshen Kiritashiyas ne suka zama shi. Bompai, wadda ita ce tsohuwar unguwar masana'antu a Kano, kusa da layin dogo ta tashi. Siminti kuwa da dutsen farar ƙasa ake yin sa, a niƙa shi da laka, a gasa a tanderu mai zafin da ya kai wajen digiri 1,450, sannan a zuba ɗan jifsam don kada ya daskare kafin magini ya gama aiki. Masana'antar siminti ta Sakkwato, wadda ta fara aiki a 1967, dutsen Kalambaina take niƙawa. Ta Ashaka a jihar Gombe, wadda ta fara a 1979, tana haƙar dutsen da ya haura shekara miliyan 90, kuma mahaƙarta ta yi suna a wurin masana na duniya saboda yawan amonait da ke cikinta. Gine-gine da yawa a Kano da buhunan Ashaka da na Sakkwato aka ɗaga su, saboda haka a cikin bangonsu akwai niƙaƙƙen kwanson dabbobin teku. Majemin zamani ma sai ya jiƙa fata a ruwan farar ƙasa kafin gashi ya saki. Gas ɗin da janareta ke sha, da ƙwayar robar da ake narkawa a yi bokiti da takalmi, daga man fetur suke, shi kuma galibi a cikin dutsen shimfiɗa yake taruwa. Man yankin Neja Delta ya fi dainoso ƙuruciya, amma wanda aka ba da sanarwar samu a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, a 2019, a cikin duwatsun Kiritashiyas yake.

Ba laifi ba ne a haƙa dutse a yi siminti, jama'a na bukatar gidaje da gadoji. Hasali ma mahaƙa ita ce babbar ƙawar mai binciken burbushi, domin ita ke buɗe cikin ƙasa wanda da ba za a taɓa gani ba. Amma duk abin da ya shiga injin niƙa ya tafi ke nan, kuma ba a shuka amonait a sami wata baɗi. Haka nan mutanen ƙauye da ke haƙar jifsam don sayarwa suna ture ƙasusuwa gefe ba tare da sanin darajarsu ba, damina kuma ta zo ta farfasa abin da ya fito fili. Kowace shekara ana asarar abin da zai isa a cika akwatunan makarantu masu yawa.

Ga kuma matsalar inda aka kai abin da aka riga aka tono. Ƙoƙon kan Goronyosaurus da tawagar Italiya ta samo yana birnin Fulorans. Ba sabon abu ba ne a tarihin wannan fanni. Shahararren ƙoƙon kan mosaso da aka tono a garin Mastirik na ƙasar Holan, garin da aka ara sunansa aka raɗa wa zamanin Dukamaje, sojojin Faransa ne suka ɗauke shi bayan sun ci garin a 1794, kuma har yau yana Faris. Sai dai zamani ya sauya. A 2022 Jamus ta fara mayar wa Nijeriya da kayan tagulla na Benin, a 2023 kuma ta mayar wa Brazil da burbushin wani dainoso da aka fitar daga can. Nijeriya na da damar ta nemi nata, ko aƙalla ta nemi kwafin da aka zuba da roba, wanda don koyarwa ya wadatar. Amma wanda zai nemi a dawo masa da kaya dole ya nuna ɗakin da zai ajiye su, da ma'aikacin da zai kula da su. Akwai gidan adana tarihin halittu a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, sai dai ɗan makarantar Kurna ko Gwale ba zai je Ife don darasin minti arba'in ba.

Za a ce, ai sai a ɗauki ɗalibai a kai su Sakkwato, gani ya kori ji. Da hali da an yi. Tafiyar ta haura kilomita 500, kuma gabashin jihar Sakkwato ya sha fama da 'yan bindiga a 'yan shekarun nan, har kasuwar Goronyo aka kai wa hari a watan Oktoba na 2021. Babu shugaban makarantar da ya san ciwon kansa da zai loda yara a mota ya nufi waɗannan ƙauyuka ba tare da tabbacin tsaro ba. Tunda yaro ba zai iya zuwa wurin dutsen ba, dutsen ne ya kamata a kawo masa.

Akwai wata suka da ta fi wannan nauyi, kuma bai kamata a kauce mata ba. Masana'antun Kano ba su cikin yalwa. Wanda ya zaga Sharaɗa da Bompai zai ga ƙofofin da aka garƙame, musamman na masaƙu, saboda ƙarancin wutar lantarki da tsadar mai da kwararowar kayan waje. Ta yaya za a tunkari mutumin da ke fama da albashin ma'aikata a ce ya ba da kuɗin tara ƙasusuwa? Da farko dai, abin da ake nema ba wani katafaren gini ba ne. Ɗaki ɗaya ya isa a fara, ko a Jami'ar Bayero ko a Gidan Makama, da kabad-kabad masu gilashi, da taswirar duwatsun Arewa a bango, da akwatunan katako da za a riƙa ba makarantu aro, kowane ɗauke da giranit na Kano, da lakar Dukamaje, da jifsam, da farin dutsen Kalambaina, da amonait na Ashaka, da 'yan haƙoran shak, da takardar bayani cikin Hausa da Turanci. Kuɗin wannan bai kai abin da babban kamfani ke kashewa a kalanda da kyaututtukan ƙarshen shekara ba. Ƙungiyar masu masana'antu ta ƙasa tana da rassa a Kano, na Sharaɗa da Chalawa da kuma na Bompai, saboda haka akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Na biyu, masana'antun su ne za su fara cin moriyar yaran da suka san dutse. Duk mai kamfanin da ya biya kuɗin haƙa burtsatse uku biyu suka fito a bushe ya san tsadar jahiltar abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Tsohon dutsen Kano ba shi da ƙofofin riƙe ruwa kamar dutsen yashi. Ruwan yana maƙalewa ne a ruɓaɓɓen saman dutsen da cikin tsagoginsa, shi ya sa rijiya ɗaya ke ambaliya, ta maƙwabci kuma ta ƙafe, shi ya sa kuma birnin ya dogara da madatsun Tiga da Chalawa. Da yake ruwan ba shi da nisa daga sama, gurɓata shi ma ba wuya. Ruwan dattin majemu yana ɗauke da sinadarin kuromiyam, kuma abin da ya fito daga Sharaɗa da Chalawa kogin Chalawa yake nufa, na Bompai kuma ya bi rafin Getsi ya shiga Jakara, inda manoman rani ke shayar da latas da kabeji da alayyafo. Mutumin da zai faɗa wa kamfani inda ya dace ya haƙa rijiya, da inda bai dace ya tara dattinsa ba, shi ne wanda ya koyi bambanta laka mai hana ruwa wucewa da yashi mai barinsa ya zarce. Sau da yawa irin wannan mutum daga sha'awar wani haƙori ko kwanso da ya taɓa riƙewa yana yaro ya faro.

Ba daga sifili za a fara ba. Hukumar binciken ma'adinai ta Nijeriya ta samo asali tun 1919, kuma ta tara taswirori da rahotanni masu yawa. Farfesa Cornelius Kogbe ya yi dogon aiki a kan duwatsun Sakkwato, shi ne kuma ya shirya littafin jiyolojin Nijeriya da ya fito a 1976. Farfesa Sunday Petters ya yi nazarin ƙananan halittun da ke cikin lakar, waɗanda sai da madubin ƙara girma ake ganinsu. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Bayero duk suna da sashen jiyoloji, kuma ɗalibansu na fita aikin fili. Abin da ya rage shi ne yarjejeniya a rubuce: kamfanonin siminti su yarda a ware kwana ɗaya ko biyu a wata da masana za su shiga mahaƙa su tsinci abin da ya fito kafin a kwashe, a koya wa direbobin katafila su gane amonait idan sun gan ta, Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa kuma ta ba da izini, ta riƙe rajistar duk abin da aka ɗauko da inda aka ɗauko shi. Wannan rajista tana da muhimmanci ƙwarai, domin ƙashin da ba a san hawan da ya fito ba ya rasa rabin amfaninsa. Duk wani samfuri mai wuyar samu, kamar ƙoƙon kai ko muƙamuƙi, a Sakkwato ko Gombe ya kamata ya zauna, tunda dukiyar mutanen can ce. Kano ta karɓi kwafinsa, tare da na gama-gari waɗanda ake samu da yawa.

Kafin a kai ga haka, malami na da abin da zai iya yi a wannan zangon karatu. Ya sami kwalba mai faɗin baki, ya zuba yashi da laka da 'yar tsakuwa da kwanson katantanwa, ya cika da ruwa, ya girgiza, ya ajiye a bakin taga. Washegari ɗalibai za su ga tsakuwa a ƙasa, yashi a kanta, laka a sama, kwanson kuma ya nutse a tsakani. Sai ya aiki ɗaya daga cikinsu wurin masu fasa dutse ya karɓo ɓallin giranit, a ajiye kusa da kwalbar, a tambayi ajin wanne daga cikin biyun zai iya adana ƙashi, kuma wanne ne ke ƙarƙashin makarantarsu. Sannan ya buɗe taswirar Nijeriya, ya sa su nemo Goronyo da Wurno da Dange da Ashaka da yatsa.